Ɗiyanmu Da Gasar Dubarun Kasuwanci: A Koya Musu Magana, A Koya Musu Gaskiya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya arziki a cikinta, ya umurci bayinsa da su tashi su nema ta hanyar halal. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun yana saurayi, tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi wa kaina wasiyya, ina kuma yi muku, da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane, a masallaci da kasuwa.

Dalilin wannan wa'azi

Kwanakin baya wani magidanci ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, ya ce: "Malam, ɗiyata da ke lise ta kawo mini takarda in sa hannu, wai za ta shiga gasar dubarun kasuwanci, kuma an ce wanda ya ci za a ba shi kuɗi. Shin wannan ba caca ba ce? Kuma ya dace yarinya ta tsaya gaban manya tana zuba magana?"

Ba shi kaɗai ya yi mini wannan tambaya ba, don haka na ga ya kamata in amsa ta a nan domin amfanin kowa. Tun muna yara, a farkon littafin Ahlari, aka karantar da mu cewa bai halatta ga baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, in kuwa bai sani ba ya tambayi malamai. Wannan bawan Allah ya yi abin da ya dace.

Mece ce wannan gasa?

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, ga yadda ake yin ta. Ƴan makaranta, ko mutum ɗaya ko ƴar ƙungiya ta mutum 3 zuwa 5, za su dubi wata matsala da ke damun jama'a, su yi tunanin wata haja ko wani aiki da zai warware ta, wanda kuma za a iya sayarwa. Sai su rubuta: wa zai saya, nawa za a kashe, nawa za a sayar, me ake tsammani zai saura. Ranar gasa a ba su ƴan mintoci kaɗan, sau da yawa ba su wuce 5 ba, su tsaya gaban alƙalai, waɗanda galibi ƴan kasuwa ne da malaman makaranta da ma'aikatan banki, su yi bayani. Alƙalai su yi musu tambayoyi, sa'an nan su zaɓi wanda ya fi gamsar da su, a ba shi kuɗi ko kwamfuta ko horo.

Asalin abin daga nesa ya zo. A Amurka, cikin 1919, aka kafa wata ƙungiya mai suna Junior Achievement, wadda ke sa ƴan makaranta su kafa ɗan ƙaramin kamfani, su tara jari, su yi haja su sayar, a ƙarshe su zauna su yi lissafi. Daga baya ta bazu ƙasashe da yawa, har reshenta na ƙasashen Larabawa mai suna INJAZ ya samo tushe a Jodan cikin 1999. A nahiyarmu akwai kyautar Anzisha, wadda aka fara cikin 2011 daga Afirka ta Kudu domin matasa ƴan shekara 15 zuwa 22. Cikin 2018 kuma wasu ƴan mata 5 ƴan makaranta daga birnin Anaca na Najeriya suka zo na ɗaya a ajinsu a gasar Technovation, can Amurka, da wata dubara ta wayar salula mai taimakawa a gane maganin jabu. Yanzu irin wannan gasa ta iso makarantunmu, ta hannun ƙungiyoyi da kamfanoni da su makarantun kansu.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne da bai kai a yi wa'azi a kansa ba. Dattawanmu sun tuna lokacin da wanda ya gama karatu aiki ke jiransa a gidan gwamnati. Wannan zamani ya fara gushewa tun cikin shekarun 1980, da kasuwar uraniyom ta faɗi, sa'an nan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashi ya daina kai wata. Yau kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Wace ma'aikata za ta ɗauke su duka? Kowane ɗayanmu ya san gidan da ke da mai takardar bak, ko mai takardar jami'a, yana zaune a bakin titi yana dafa shayi. Mun kuma san inda rashin abin yi ke kai mutane. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, da aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu daga ƙasar Kance. Allah ya jiƙansu. Saboda haka duk abin da zai sa yaro ya koyi neman na kansa a garinsu, kusa da uwayensa, abin dubawa ne da idon rahama.

Hukuncin gasar

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, asalin sha'anin ciniki da mu'amala halas ne sai abin da shari'a ta hana. Kyautar da wani ya ajiye daga aljihunsa, ya ce wanda ya fi iya abu kaza ya ɗauka, ba caca ba ce. Tana kama da abin da malaman fiƙihu ke kira ji'ala, wato mutum ya sanya lada sananne ga duk wanda ya cika wani aiki, kuma hukuncinta yana nan cikin Risala a babin ciniki. A cikin suratu Yusuf ma an yi shelar kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Manzon Allah (SAW) da kansa ya shirya tseren dawaki a Madina.

Amma akwai sharuɗɗa. Na farko, kada kyautar ta zama kuɗin da masu gasa suka zuba ne aka tattara aka ba mutum ɗaya, domin a nan kowa ya shiga ne tsakanin ci da hasara, wannan kuwa ita ce caca ko da an sauya mata suna. Uba ya tambaya kafin ya sa hannu: wa ya ba da kuɗin kyauta? Na biyu, hajar ta zama halas, mai amfani. Na uku, kada gasar ta ci lokacin salla, kada ta zubar da sutura da kamun kai, kuma duk tafiya ta kasance da sanin uwaye da rakiyar wanda aka amince da shi. Na huɗu shi ne gaskiya, kuma a kansa mafi yawan maganata za ta tsaya.

Game da tsayuwar yaro gaban manya, mu Hausawa mun tarbiyyantar da ɗiyanmu da kunya, kuma kunya alheri ce. Sai dai akwai bambanci tsakanin kunya da ɓoye ilimi. Buhari ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar, yana yaro, ya gane dabino ne, amma ya yi shiru domin ganin manya. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar (RA) ya nuna masa cewa da ya faɗa a wurin, da ya fi masa daɗi bisa dukiya mai yawa. Annabi Yusufu (AS) kuma ya shimfiɗa tsarin shekara 7 na noma da ajiya domin tarbon shekara 7 na fari, sa'an nan ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi bisa taskokin ƙasa, ya ambaci cewa shi mai tsarewa ne, masani. Ashe faɗin abin da ka iya, in gaskiya ne kuma da buƙata, ba girman kai ba ne. Mace kuwa, ai uwar muminai Nana Hadiza (RA) attajira ce mai aika fatake Sham. Mu nan ma, a jahar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara cikin 1991, wanda yanzu ƙasashe da yawa suka kwaikwaya.

Abin da idona ya gani

A shekarar da ta wuce an gayyace ni in buɗe irin wannan gasa da addu'a a wata makarantar lise, na kuma zauna har ƙarshe. Abubuwa biyu suka tsaya mini a rai.

Wasu samari sun zo da dubarar yin gawayi daga kara da ɓawon gujiya, domin a rage sarar itace. Dubara ce mai kyau. Mai maganarsu yana da baki, faransancinsa kamar ruwa, ga hotuna ana haskawa a bango. Ya ce sun riga sun sayar da leda 300, kuma mutane na layi. Aka yi ta tafi.

Bayansu wata yarinya ta tashi da abokan karatunta biyu. Dubararsu akwati ne mai rufi na busar da tumatir, domin a samu kauɗa mai tsabta wadda ƙura da ƙuda ba su taɓa ba, a lokacin da tumatir ke ruɓewa a kasuwa don yawa. Muryarta na rawa. Ta ce sun gwada sau 4, sau 2 ya lalace domin sun yanka shi da kauri, kuma har yanzu ba su san yadda za su yi da damina ba. Wani alƙali ya tambaye ta riba, ta ce jika 3 suka samu, ba su ma cire ladan wahalarsu ba. Wasu suka yi dariya. Samarin nan suka ci gasa.

Bayan ƴan makonni ɗaya daga cikinsu, wanda ke ɗaukar karatu wurina da dare, ya jira kowa ya watse, ya durƙusa ya ce: "Malam, leda 40 muka sayar, galibi ma dangi suka saya. Wani babba da ya shirya mu shi ya ce in muka faɗi 40 ba wanda zai saurare mu, wai kowa haka yake yi. Tun ranar ban samu barci mai daɗi ba." Na gaya masa cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙi, ko an nemi yafewar mai shi. Ya tara abokansa suka je suka faɗi gaskiya ga waɗanda suka shirya gasar. Abin da aka yanke tsakaninsu ne. Da izininsa nake ba da wannan labari, ba tare da suna ba, kuma ina roƙon Allah ya yi masa albarka, domin abin da ya yi daga baya ya fi ƙarfin manya da yawa.

Ya ku bayin Allah, laifin yaron nan kaɗan ne in aka gwada shi da laifin babban da ya koya masa. An tura shi ya koyi kasuwanci, darasin farko da aka ba shi shi ne ƙarya.

Alƙali da kunne yake hukunci

Akwai wani hadisi da ya kamata a karanta wa kowane yaro kafin ya hau wancan dandamali. Imamu Malik ya kawo shi cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma sun ruwaito shi daga Ummu Salama (RA). Ma'anarsa ita ce Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yi hukunci bisa abin da ya ji. To, wanda aka yanka wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya kada ya karɓa, domin yankin wuta ne aka yankar masa.

Ku duba da kyau. Idan fiyayyen halitta ya ce shi da abin da ya ji yake hukunci, ina ga alƙalan gasa, waɗanda ba su san yaron ba, ba su je shagonsa ba, minti 5 kawai suka saurare shi? Hukuncinsu ba ya mayar da haram halas. Wanda ya ci da ƙarya, kuɗin da ya karɓa haƙƙin wani ne, mai yiwuwa haƙƙin yarinyar nan mai rawar murya.

Kuma ku lura, mai sayar da gero a kasuwa hajarsa na gabansa, mai saye zai iya zura hannu cikin buhu. Shi kuwa mai tallar dubara yana tallar abin da bai gama samuwa ba, ba abin da ke gaban mutane sai maganarsa. Don haka buƙatarsa ga gaskiya ta fi ta mai gero. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai tulin abinci, ya sa hannu ciki ya ji danshi, ya tambaye shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Yarinyar nan da ta ce sau 2 tumatirinsu ya lalace, ita ce ta ɗora jiƙaƙƙen a sama.

Ƙaryar wannan fage kala huɗu ce, kowa ya kiyaye su.

Ta farko, kumbura lissafi: ka sayar da 40 ka ce 300. A nan a rarrabe tsakanin labari da tsammani. In yaro ya ce: "Mun sayar da 40, muna fatan in Allah ya yarda mu kai 300 baɗi, ga kuma dalilinmu," bai yi ƙarya ba. Hasashe halas ne in an kira shi da sunansa. Haram ita ce a ba da labarin abin da bai faru ba.

Ta biyu, ɓoye aibi. A hadisin Hakimu ɗan Hizamu (RA), wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an sanar da mu cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka cikin cinikinsu, in kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. Yaron da ya san sabulunsa na sa ƙaiƙayi, ko injinsa na tsayawa in rana ta yi zafi, ya faɗa, ya kuma faɗi yadda yake neman gyara.

Ta uku, ɗaukar dubarar wani ka ce taka ce. Koyi da abin da wasu suka yi ba laifi ba ne, duk sana'a haka ake gadonta. Amma wanda ya kwaso aikin wani daga intanet, ko ya saurari abokinsa ya riga shi kai wa alƙalai, ko wansa ya rubuta masa kome ya ce shi ya yi, wannan ya shiga cikin waɗanda hadisi ya kamanta da mai sanye da tufa biyu na ƙarya, domin yana taƙama da abin da ba a ba shi ba. Ka ce: a wurin wane na gani, ga abin da na ƙara.

Ta huɗu, sayen yabo. Wasu gasa suna sa jama'a su yi zaɓe a Facebook ko ta saƙon salula, sai ka ga ana raba kuɗin kati domin mutanen da ba su taɓa ganin hajar ba su yabe ta. Wannan ɗan'uwan najashu ne da Manzon Allah (SAW) ya hana, wato mutum ya ƙara wa haja kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi wani.

Wani zai ce: Malam, ai in ka faɗi gaskiya ba ka ci. Na ji. Mai yiwuwa ka rasa kyautar rana ɗaya. Amma hadisi ya gaya mana cewa rantsuwar ƙarya tana sayar da haja, tana kuma shafe albarka. Ku tambayi Alhazan Maraɗi da na Damagaram, waɗanda ake ɗora wa kayan miliyoyi bisa kalma ɗaya ta waya: da me suka samu wannan? Shekaru suka yi ana gwada maganarsu ana iske ta daidai. Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.

Bayan an watse daga gasa

Wanda ya ci, ya sani kuɗin nan amana ne. In an ba shi domin jari, bai halatta ya sayi babur na yawo ko salula mai tsada ba, kuma bai halatta uba ya karɓe ya yi biki da su ba. Ya samu littafi ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In kuma Allah ya buɗa har dukiya ta kai nisabi, shekara ta kewayo, ya fitar da ɗaya bisa 40.

Sau da yawa bayan gasa ake zuwa wa yaro da tayin bashi da ruwa, a ce don ya faɗaɗa. A nan uwaye su tsaya tsaye. Allah ya halatta ciniki, ya haramta kuɗin ruwa, kuma ya yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari. Shari'a ba ta rufe wannan ƙofa ba sai da ta buɗe wata, ita ce ƙirali: mai kuɗi ya ba da jari, mai dubara ya ba da ƙarfinsa, su raba riba bisa kason da suka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi yankakke ba. In aka yi hasara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi hasarar kuɗinsa, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Kakanninmu sun san wannan. Haka uban gida ke ɗaukar yaro ya yi shekaru yana koya masa ciniki, in ya ga amanarsa ya ba shi jari ya sallame shi.

Wanda bai ci ba kuwa, kada ya karaya. Kyauta ɗaya ce, masu gasa da yawa, amma kasuwar Allah ba ta da na ɗaya da na biyu. Abdurrahmanu ɗan Aufu (RA) ya iso Madina ba shi da kome, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Da cuku da man shanu ya fara, ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Abu Dawuda kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya zo roƙo, Manzon Allah (SAW) ya sayar da ɗan shimfiɗinsa da ƙoƙonsa dirhami 2, ya ce ya sayi abinci da ɗaya, gatari da ɗaya, ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya ce kada ya dawo sai bayan kwana 15. Ya dawo da dirhami 10. Jarin dirhami ɗaya ke nan.

Nasiha ga kowane ɓangare

Ya ku ɗiyanmu ƴan makaranta, ku nemi dubara a inda kuke. Albasar Galmi da ke ruɓewa a rudu kafin kuɗinta su tashi, wake da ƙwari ke ci a rumbu, fatar jar akuyar Maraɗi da ake fitarwa ɗanya a maido mana ita takalmi, leda da ta toshe magudanan ruwa, duka waɗannan tambayoyi ne da ke jiran mai amsa. Ɗan ƙasarku Abdu Maman Kane ya dubi wahalar mai ban ruwa a garka, ya ƙirƙiro hanyar da manomi zai kunna ban ruwa ya kashe da wayar salula daga nesa, har ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hasan na Biyu cikin 2015. Ku gyara niyya: amfanar mutane da ciyar da uwaye ibada ce. Kuma kada gasa ta sa ku saki karatu, domin dubara ba ilimi gini ne ba tushe.

Ya ku uwaye, ku zauna ku saurari ɗiyanku kafin alƙalai su saurare su. Ko ba ka yi lakwal ba, ka san kuɗin tiyar gero, ka san abin da maƙwabta za su iya saye. Ka ce masa: faɗa mini da Hausa. In ya kasa bayyana maka dubararsa da harshen uwarsa, bai gama fahimtarta ba. Sa'an nan ka tambaye shi: duk abin da za ka faɗa gobe, haka yake? In ya dawo bai ci ba amma ya faɗi gaskiya, ka sa masa albarka a gaban ƙannensa, domin su san abin da gidanku ke girmamawa.

Ya ku malaman makaranta da masu shirya gasa da alƙalai, ku ji tsoron Allah cikin ɗiyan mutane. Ku nemi shaida: littafin ciniki, da hajar kanta, da mutum biyu da suka saya. Ku ware maki domin wanda ya faɗi aibin hajarsa. Ku bar yaro ya yi bayani da harshen da ya fi iyawa, Hausa ko Zabarmanci ko wani, domin kasuwanci kuke aunawa, ba faransanci ba. Kada kuma ku dubi ɗan wane ne. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa gwamnan Basra, Abu Musal Ash'ari (RA), ya ba Abdullahi da Ubaidullahi, ɗiyan Sayyidina Umar, kuɗin baitulmali su yi fatauci da su zuwa Madina su riƙe riba. Da suka iso Umar ya tambaya ko duk rundunar aka yi wa haka, aka ce a'a. Ya gane don su ɗiyan Sarkin Musulmi ne, ya nemi su ba da uwar kuɗi da riba duka, sai da aka ba shi shawara a mayar da abin ƙirali, baitulmali ya ɗauki rabin riba. Wannan shi ne adalcin da muka gada.

Ya ku Alhazai da masu hannu da shuni, kada ku bar wa baƙi renon ɗiyanku. Ku je ku zauna a waɗannan gasa. Ba lalle sai na ɗaya za ku duba ba, ku dubi mai gaskiya. Jika 50 da za ka ba yaro bisa ƙirali, tare da shawararka sau ɗaya a mako, mai yiwuwa ita ce za ta hana shi hawa motar Agadas. Ƙungiyoyinmu na addini da makarantunmu na madarasa su ma suna iya shirya irin wannan gasa, a haɗa ta da karatun babin ciniki. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rufewa

Amsata ga magidancin nan ita ce: ka sa hannu, bayan ka tabbatar da sharuɗɗan da muka ambata. Ka bar ɗiyarka ta koyi tsayuwa gaban mutane ta faɗi abin da ta sani. Amma ka tuna mata cewa akwai wata tsayuwa da ke tafe, wadda ƙafar bawa ba za ta gusa ba sai an tambaye shi dukiyarsa, ina ya same ta, ina ya kashe ta. A ranar ba a yaudarar Alƙali, domin an rufe baki, gaɓoɓi ke magana. An ruwaito kuma cewa ɗan kasuwa mai gaskiya, amintacce, yana tare da annabawa da siddiƙai da shahidai. Wannan ita ce kyautar da ta cancanci a yi tsere dominta.

Ya Allah ka shiryi ɗiyanmu maza da mata, ka sanya gaskiya a harshensu da albarka a hannunsu. Ya Allah ka wadata mu da halas ɗinka ga barin haram ɗinka. Ka tsare matasanmu daga zaman banza da bashi da ruwa da mutuwar hamada. Ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, da sauran ƙasashen Musulmi. Ka jiƙan uwayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.